Khairunnisa da Mazarƙwailar Gubuchi

Khairunnisa 'yar Kudan ce, ta uku a gidan Malam Muhammadu Auwalu, wanda yake karantar da fiƙihu a zaurensa bayan la'asar, da damina kuma ya noma masara da barkono kamar kowa. Da ta gama sakandare ta karanta aikin jarida a Zariya, daga nan ta samu gurbi a wani ƙaramin kamfanin hulɗa da jama'a a Kaduna, irin waɗanda makarantun kuɗi da 'yan kasuwa suke ɗauka domin su fito da sunansu, ko su wanke shi idan ya ɓaci.

A can ta ga yadda ake yanka wa irin wannan aiki farashi. Akwai masu biya wata-wata, ko da abin yi ko babu, domin kamfanin ya zama nasu duk lokacin da suka buga waya. Akwai waɗanda ake yi wa jinga a kan aiki guda, kamar bikin buɗe shago. Wasu kuma awowin da ma'aikata suka ɓata ake lissafa musu. Ita dai rubutu take yi, ba ta taɓa zama gaban mai kuɗi ta faɗi farashi da bakinta ba.

Aure ne ya dawo da ita gida. Mijinta Shamsuddeen malamin sakandare ne a Ikara, kuma shi ya ba ta ƙwarin gwiwa ta kama rabin shagon wani mai buga takardu a can, ta sa teburi da kujeru biyu. Mutumin farko da ya shigo mai makarantar firamare ne. Ta faɗa masa kuɗin wata irin na Kaduna, ya miƙe a hankali, ya ce ai shi ba malama ya zo ɗauka ba. Kunya ta kama ta, sai ta koma cewa kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Aiki ya yi yawa. Ta rubuta wa mai kemis sanarwa, ta shirya wa ƙungiyar 'yan acaɓa taro, ta raka mai sayar da taki gidan rediyo. Wani ya ba ta kwanon wake, wani ya ce Allah ya yi albarka ya hau babur ɗinsa. Kafin shekara ta zagayo ta fara tunanin rufe wurin.

Shamsuddeen ya ce mata, "Ba rowa ce ke damunsu ba. Ba su san abin da suke saya ba ne. Ke ma ba ki gaya musu ba."

Ana cikin kakar rake Alhaji Maiwada ya zo. Dattijo ne daga Gubuchi ta ƙasar Makarfi, shi ke shugabantar ƙungiyar masu matsar rake da dafa mazarƙwaila a yankinsu. Bayan doguwar gaisuwa, da tambayar lafiyar Malam a Kudan, ya miƙa mata wayarsa. Wani bidiyo ne yake yawo, an ɗauki wata tukunya mai datti a wani wuri da ba a sani ba, murya tana cewa haka masu mazarƙwailar ƙasar Makarfi suke zuba sinadari domin ta yi ja. Fatake sun fara juyawa da motocinsu babu kaya.

"'Yata, an ce kin iya wannan sha'ani," in ji shi. "Nawa za mu biya a goge abin nan?"

"Baba, ba ya goguwa. Abin da za a iya shi ne a nuna wa mutane gaskiya har ta fi shi yawo."

"To nawa ne gaskiyar?"

Ta ce ya ba ta zuwa jibi, sai ta je ta gani da idonta, domin idan akwai abin da ake zubawa ba za ta karɓi aikin ba. Washegari Shamsuddeen ya kai ta Gubuchi. Ta tsaya tun daga injin matsa har zuwa inda ake zuba ruwan raken a manyan tukwane, ta ga yadda ake kwashe kumfa, ake juyawa har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Ba ta ga sinadari ba. Amma ta ga ƙudaje, ta ga ana shanya mazarƙwaila dab da ƙasa, kuma ta faɗa musu a gaban kowa cewa sai an gyara wannan kafin a kawo mai ɗaukar hoto. Wasu suka ɓata rai. Alhaji Maiwada ya ce a yi yadda ta ce.

Da suka zauna maganar kuɗi ita da Alhaji, ta raba masa abin gida biyu. Na farko kuɗin da ba nata ba ne: na gidan rediyo, na mai ɗaukar hoto, na motar da za ta kawo fatake su gani. Wannan su biya da hannunsu, ba za ta ɗora ko sisi a kai ba. Na biyu ladan aikinta, ta faɗi adadinsa, ta kuma bayyana abin da za ta yi a cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Rabi yanzu, rabi idan an gama.

Alhaji ya ce, "Idan kasuwa ba ta dawo ba fa?"

"Za ku biya duk da haka, Baba. Aikina nake sayar muku. Kasuwa a hannun Allah take."

Ya yi murmushi. Ya ce ko mai huɗa ba ya jiran kaka kafin a sallame shi. Ya nemi ragi kamar yadda aka saba, ta rage kaɗan, ta cire shiri ɗaya na rediyo daga cikin aikin domin ya ga cewa ragin yana da abin da ya ci.

Ta gayyato jami'in duba-gari ya zo ya duba, ya yi magana da bakinsa. Ta sa aka ɗauki dahuwar daga farko har ƙarshe ba tare da yankewa ba, tsofaffin masu sana'ar suna bayani da kansu. Ta nemi lambobin fataken ta tura musu kai tsaye, ta roƙi biyu daga cikin manyansu suka zo Gubuchi suka ci abinci a gindin tukwanen. Ba kowa ne ya dawo a wannan kaka ba, wasu sun riga sun kama hanyar wani gari. Amma motoci sun sake tsayawa, har wani mai shago a Kaduna ya nemi a riƙa naɗe masa mazarƙwailar a leda mai ɗauke da sunan ƙungiyar.

Ranar da Alhaji Maiwada ya kawo cikon kuɗin, shi ya kawo shawarar da ta gyara mata sana'a. Ya ce su ba masu albashi ba ne, biyan wata-wata ba zai yiwu ba, amma suna so ta zama tasu. Me zai hana a yi yarjejeniya kaka-kaka, daga fara sarar rake zuwa sauke tukunyar ƙarshe? Ta amince.

A haka take aiki yanzu. Masu tumatir na Kudan sun shigo a kan kakarsu, makarantu kuma zango-zango. Mai aiki guda a yi masa jinga. Ta kama shagon gaba ɗaya, ta ɗauki wata abokiyar karatunta, Hafiza, suna yi tare. A bana suna shirin haɗa manoman barkono da masu saye daga kudu, kuma Hafiza ce za ta zauna da shugabannin manoman ta faɗi farashi.