Makauniya a Tsakiyar Gaɗa

Ni fa sai da na tsufa aka fara ce mini malama. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a bango zan wuce shi ban gaishe shi ba, amma ga ni nan, malama. Wasu mata ne suka zo daga birni a mota bayan an gama yankan gero, suka sauka ƙofar gidan mai unguwa suna tambayar wadda ta fi sanin wasannin mata a garin nan. Ai ko shawara ba a yi ba. Har masu jin haushina ni suka nuna. Gaɗar da na yi ina budurwa, daga nan har Bici an san muryata.

So suke in koya wa 'yan mata da matan aure na ƙauyukan kewaye yadda za a shirya wasa a sa har da guragu da makafi da kurame, kada a bar kowa a rakuɓe yana jin daɗin wasu. Suka ba ni riga mai rubutu a ƙirji. Na ɗora ta kan atamfata, na bi doguwar hanya zuwa gida don kowa ya gani.

A tsakar gidana ake yi, bayan la'asar. Mu kori maza har da maigidana, mu kawar da turmi, mu ɗaure akuya. Da carafke muka fara tunda a zaune ake yin sa. Mai lalurar kunne kuwa, na koya musu su riƙa ɗaga mata gyale in an zo kanta. Abu yana tafiya lafiya lau, sai 'yar maƙwabciyata ta ɓallo mini aiki.

Ita ƙyanda ce ta tafi da idonta tun tana ƙarama, a lokacin nan kuwa har ta fara furfura. Ga saƙar faifai, ga ɓarar gyaɗa, ga baki kamar reza. Ta ajiye sandarta ta ce, "Iya, ni ba tsakuwa na zo ƙirga ba. Gaɗa nake so. In faɗa, a cafe ni, a cilla ni sama. Shekara da shekaru ta katanga nake jin ana yi."

Uwarta, wadda ta rako ta, ta dube ni ta ce, "Yaya, in yarinyar nan ta fasa ƙeya, ƙafarta ba ta ƙara taka gidan nan."

Na ce, "Ƙeyarta a wuyana."

Don yaran yanzu da ba su sani ba, ga yadda gaɗar take. Ana jeruwa kamar jinjirin wata, ana tafi ana waƙa. Ɗaya ta fita gaba ta taka rawa, ta ba mu baya, ta tako da baya-baya, ta saki jiki ta faɗo, mu cafe mu wurga ta. Hannun da ke tafi shi ne mai cafewa, ba ya buɗewa sai bayan mutum ya iso.

Na zaɓo ƙarfafa cikin ɗalibaina, masu daka da surfe, na jera su. Aka shimfiɗa tabarmi. Na ɗauko waƙa, suka amsa, ta fita.

Wayyo rawa! Wallahi ban san inda ta ɓoye ta ba. Ta karkaɗa kafaɗa, ta doka ƙafa daidai da tafi, tsakar gida ta kaure da shewa. Sai ta juya, ta fara takowa da baya. Nan yarana suka tsorata. Don tsabar kada ta kuɓuce musu, tun tana nesa suka daina tafi, suka ware hannuwa, suka riƙe numfashi. Waƙa ta mutu. Tsit, har kana jin kaza tana tono.

Ta tsaya cak.

"Kun watse ne?" in ji ta, da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba. Haka yara suke mata da can: su kira ta wasa, su sulale su bar ta tsaye. Ta ce, "A miƙo mini sandata." Uwar ta miƙe tana gyara mayafi.

Na ce wa 'yar, "Ke, ba inda za ki! Ga mu nan duka, hannuwa a sama kamar masu roƙon ruwa."

"To ni ina na ga hannu, Iya? Da kunne nake tafiya. Kun kashe mini fitila."

Sai na sake tsari. Guragun da ke zaune gefe na ce a matso da su bayan masu cafewa, daidai tsakiya, su yi ta tafi ba tsayawa ko sama za ta faɗo. Uwar ma na kamo zaninta na zaunar da ita cikinsu, na ce tafa. Masu cafewa kuma na ce hannu ya buɗe in ya ga dama, amma bakin da ya rufe zan kore shi gida.

Ɗaya ta ce, "Malama, waƙar ta gudu daga kaina."

Makauniyar ta ce, "To ku tsokane ni mana, yadda ake wa kowa! Ni ƙwai ce?"

Ai kamar jira suke. Ta sake fita, ta taka, ta juya.

"Taho, mai tafiyar agwagwa!"

"Tuwon jiya ne ya danne ki?"

"Yi a hankali, Yaya, ƙugunmu ba na aro ba ne!"

Tana takowa tana ramawa: "Ke mai muryar tsohuwar ƙofa, matsa tsakiya, kanki zan sauka!" Tana dariya, tana bin muryoyin nan tiryan-tiryan, sai kawai ta saki jiki.

Caraf! Suka cafe, suka cilla. Ɗankwalinta ya tashi ya maƙale a igiyar shanya. Ta kurma wani ihu da ya sa akuya tsinke igiya, ta dira da ƙafafunta, ta yi tangaɗi, ta tsaya. Ni kuwa na kama hanci na rangaɗa guɗar da rabona da ita tun haƙorana suna cike. Guragu suna tafi suna kifewa don dariya. Uwar tana tafi ido a rufe gam, tana ta salati, sai da na zungure ta na ce buɗe, an gama.

"Wa ya ce an gama?" in ji 'yar. "Ku koma layi!"

Ta yi ta faɗowa har ɗalibaina suka zube kan tabarma suna roƙon ta yi wa Allah ta bari, hannuwa sun mutu. Maigidana yana ta sallama daga zaure wai zai ɗauki buta, ba wadda ta amsa masa.

Da za su tafi, uwar ta ciro ɗankwalin daga igiya ta ɗaura mata, ta riƙo hannunta. Har sun kai bakin zaure uwar ta waiwayo, fuska a ɗaure wai ita mai fushi.

"Yaya, gobe ma bayan la'asar ɗin ne?"