Fumfunar Gidan Mbok Sarinten

Darsiman ɗan mai yin tempe ne a wani ƙauye kusa da garin Banyumas. Tun yana ƙarami ya ga yadda mahaifiyarsa, Mbok Sarinten, take dafa waken suya, ta murtsuke masa busasshen ganye mai fumfuna, ta naɗe a ganyen ayaba. Bayan kwana biyu farar fumfuna ta ɗaure waken ya zama curi, shi ne tempe. Irin fumfunar nan gado ne, daga kakarta ta samo shi.

Shi dai sana'ar ba ta kwanta masa ba. Ya tafi birni, ya samu aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a. Malamarsu, Bu Lastri, tana neman fumfunar da za ta iya farfasa azurfar da aka narkar a ruwa zuwa ƙwayoyin da ido ba ya gani, don maganin miki. An gwada iri-iri, ruwa bai ko sauya kala ba.

Da ya dawo daga hutun sallah, sai ya miƙa mata ganye ɗaya daga cikin na mahaifiyarsa.

"Pak Dar, abincin rana ka kawo mana?" in ji ta tana dariya. Haka take kiran Darsiman.

"A gwada dai, Bu. Tsohuwata ta ce fumfunar nan ba ta taɓa ba ta kunya ba."

Aka raini fumfunar ganyen, aka tace, aka zuba azurfa. Kafin la'asar kwalbar ta koma kalar shayi, alamar azurfar ta farfashe. Aka sa wa fumfunar lamba, aka ajiye a firji, kuma shi ne ya riƙa sabunta mata abinci har shekara ashirin da shida.

A tsakanin nan Mbok Sarinten ta rasu. Ƙanensa ya koma amfani da hodar fumfuna ta kamfani, ganyayen gidan suka ƙare ba wanda ya lura. In Darsiman ya je gida aka soya tempe, sai ya ci loma biyu ya tsame hannu.

Ranar da ya yi ritaya, Bu Lastri ta tambaye shi abin da yake so.

"Kwalba ɗaya daga cikin na tsohuwata, in babu laifi."

Ta ba shi. A gida ya dafa wake, ya sa fumfunar, ya naɗe, ya jira kwana biyu yana leƙawa kamar mai jinya. Curin ya fito fari tas. Matarsa Tuminah, mai kiransa Mas, ta soya, ta ɗanɗana.

"To ai tempe ne, Mas. Me kuma kake nema?"

Ya daɗe yana taunawa. "Nata yana da ɗan ɗaci a ƙarshe."

"Ko ruwan rijiyarku ne?"

Wannan magana ta zauna masa. Sati na zagayowa ya hau bas zuwa ƙauyensu da jarka biyu. Ya tarar an rufe rijiyar da siminti, an ja famfo. Wata tsohuwar maƙwabciya ta ce ya ɗebi na tata rijiyar, ai jijiyar ruwansu ɗaya. Ta cika masa jarkokin, ta kuma riƙe shi har azahar tana ba shi labarin yadda Sarinten take waƙa in tana wanke wake.