Malam Sammani, Mai Neman Katin Rigakafi

Shekara talatin da ɗaya, da zarar gari ya waye, Malam Sammani zai tayar da tsohon mashin ɗinsa daga Ƙofar Sauri, ya bi ofisoshin 'yan sanda ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikacin jin daɗin jama'a ne da ke aiki da kotu. Yana isa zai gaisa, ya leƙa ɗakin tsare mutane, sannan ya duba abu guda a takarda: shekaru.

Yawancin yaran da ake kamawa ba su da takardar haihuwa. Mai rubutu ya dubi tsawon yaro, ya dubi gemun da bai fito ba, ya rubuta sha tara, don ya fi sauƙi. Daga nan sai kurkukun manya. Aikin Malam Sammani shi ne ya bi gida gida, ya sa uwa ta zazzage akwati har a samo katin rigakafi, ko ya je firamare a buɗe masa tsohuwar rajista.

Ni da farko na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Shekara huɗu da suka wuce masu ƙwacen waya suka tare ni a Ƙofar Kwaya da la'asar sakaliya, aka sare ni a hannu. Har yau yatsuna biyu ba sa lanƙwasuwa. Aka kama wanda ya sare ni, Jamilu, aka rubuta masa sha tara. Na ce alhamdu lillahi, ya ruɓe can.

Sai ga Malam Sammani ya zo duba ni. Bayan doguwar gaisuwa ya zaro wani kati da ya yi baƙi, ya ce, "Malam, yaron nan sha huɗu gare shi. Gobe zan kai ma alƙali, na ce bari ka ji daga bakina."

Na ce, "Wuƙar da ta sare ni ta tambayi shekarunshi?"

Ya ce, "Ban ce a sake shi ba, horo ya zama dole. Amma ka san Muttaka? Akuya ya sata shina ɗan sha ukku. Na yi sati ina neman katinshi, ashe gara ta cinye. Shekara biyu ya yi tsakanin 'yan fashi. Da ya hito, ko uwa tai tsoronshi take. Shi ya ba Jamilu wuƙar da ta sare ka."

Ya tashi zai tafi. Ban ma raka shi ƙofa ba.

Jamilu ya yi shekara uku a gidan horon yara. Yanzu yana koyon kafinta a wajen hasumiyar Gobarau. Ban yafe masa duka ba, in na hango shi hannuna sai ya riƙa zogi. Muttaka kuwa, bara jama'a suka rutsa da shi a bakin kasuwa suka rufe shi da duka, ba a kai shi asibiti da rai ba. Mutum biyar suka yi masa sallah, Malam Sammani na cikinsu.

Kai ne, Malam Sammani, wanda aka zaga da sunan lauyan ɓarayi, ka share ka koma washegari. Kai ne ka zo ka faɗa mini abin da ba na son ji, a kan tabarmata. Na gode, kuma ka yafe mini rashin rakiyar nan.

Ƙarshen watan nan Malam Sammani zai ajiye aiki, ba a kuma turo wanda zai gaje shi ba. Don haka nake roƙo: iyaye mata, ku adana katin nan inda gara ba za ta kai ba. Ku kuma masu riƙe da biro, kafin ku rubuta sha tara, ku aika a kira uwar yaron. Wanda kuka rufe da manya yau, zai fito, kuma unguwarku zai dawo.