Kan Karen da Suka Hana Mijina

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina, Dokta Sa'adu, likitan dabbobi a Jimeta. Ana ta ce mini lokaci yana sanyaya zuciya. Tawa har yau tafasa take yi.

Na aure shi ina ganin rayuwarmu za ta zama irin ta littattafan soyayya da na taso ina karantawa. Kuma ta so ta zama hakan. Mutum ne da yake dawowa gida yana warin maganin shanu, amma da furen da ya tsinko mini a hanya.

Wata damina maƙwabcinmu a unguwar Bekaji, Baba Yohanna, ya kawo masa karensa a keke. Karen yana ta zagaye wuri guda, yana karo da bango, idonsa ya daina gani. Bai ciji kowa ba. Dokta ya ce zai iya zama haukan kare, amma yana zargin wata ƙwayar cuta da ba a cika gani ba, amiba, wadda ke zaune a ƙasa da ruwan kududdufi, ta shiga jiki ta cinye ƙwaƙwalwa. Karen kuwa kullum yana cikin kududdufin bayan gidajenmu. Ya ce ba a rabe cututtukan biyu da ido, sai an duba ƙwaƙwalwar a ɗakin gwaji bayan dabbar ta mutu. Ya kulle shi a keji yana jira.

Unguwa ba ta jira ba. Aka ce Dokta ya ɓoye mahaukacin kare. Maza suka cika ƙofar asibitinsa da sanduna. Bai hana su kashe karen ba, abu ɗaya ya roƙa.

"Ku bar mini kan, don Allah. Kan kawai."

Wani ya ce, "Dokta, miya za ka yi da shi?" Aka kwashe da dariya. Suka farfasa kan da duwatsu, don a wajenmu mahaukacin kare bai mutu ba sai an ga ƙwaƙwalwarsa a ƙasa. Da hannunsu suka murƙushe amsar.

Daga nan masu dabbobi suka janye ƙafa. Asibitin ya rufe. Hawan jini ya kwantar da shi, kuma cikin waɗanda suka sallaci gawarsa har da masu duwatsun.

Da zai dawo yau, me zai gani? An ce gwaji ya ci gaba. Amma kwanan nan a unguwar Bako an yi wa wani kare irin wannan kisa, aka ɗauka a waya ana yaɗawa.

Ban san ko zarginsa daidai ne ba. Shi ma bai sani ba, kuma bai taɓa cewa ya sani ba. Abin da ya bar mini ke nan: mutumin da ya gwammace ya rasa sunansa da ya yanke hukunci bai duba ba. Ku masu duwatsun, ya yafe muku kafin ya tafi, a gabana ya faɗa. Ni ban yafe ba.