Irin Geron Ubana da Wayar Gwaji

Na binne irin geron ubana duka a busasshiyar ƙasa saboda wata waya ta ce ruwa na zuwa jibi. Ruwa bai zo ba. Yayyafi ya zo bayan kwana tara, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi.

Wayar ta wani furoje ce, irin ayyukan tallafin nan da ƙungiyoyi ke kawowa. Mu biyar aka ba a ƙauyenmu, can wajen Kwaya. A cikinta akwai abin da ke ɗauko labarai ya karanta da Hausa, da muryar wata mace: farashin bisashe, labarin sama, abin da manya suka faɗa a Damagaram. Wanda ya kawo ta mutum ne mai tabarau da furfura a gemu, muna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci. Ya ce ba a gama ƙera abin ba, gwaji ne, mu za mu riƙa gaya musu inda yake ciwo. Ban yi mamaki ba. An gwada taki a kanmu, an gwada famfo, an gwada wata akuya da ba ta cin ƙaya.

Ciwon bai ɓuya ba. Ka danna, wani zobe ya kama juyawa. In sha hura, in ba jaki ruwa, in dawo, zobe na nan yana juyawa. Labari ɗaya a yini, ranar sa'a biyu.

Mushe ya zo a moto, wato babur.

"Baba, rezo ne, sabis ba ya kamawa."

Muka hau jigawar bayan gari. Ya ɗaga waya sama kamar mai nuna wa shaho nama, har hannunsa ya sage. Zobe na juyawa.

Ya dawo ran kasuwa. "Baba, sim ɗin ne. Kun yi kusa da iyaka, yana kamo na Najeriya." Ya canza sim. Zobe na juyawa.

Zuwa na uku ya share tabarau ya ce, "Wallahi a biro ɗinmu, can ofis, yana sauka kafin ka ƙifta ido."

Na ce, "To Mushe, sai mu kwashe gonakin mu kai biro ɗin naku."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Wata safiya zobe ya tsaya, matar ta yi magana a natse. Ta ce ana sa ran ruwa mai yawa a ƙasar Magarya da Dungas nan da kwana biyu. Na dubi sama, ba komai. Gawo bai kaɗe ganye ba. Matata ta ce, "Malam, ko shamuwa ɗaya ban gani ba."

Na ce shamuwa ba ta da tauraron ɗan adam.

Gaskiya ita ce so nake in riga kowa. Mu nan muna yin binne, a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan fari. Amma ba a binne iri duka. Rabi ƙasa, rabi tukunya, kowa ya san wannan. Ni na juye tukunyar. Irin nan mai dogon kai ne, ba ya tsoron rairayi. Shekarar da muka ci ganye muka ci dusa, ubana ya kwana a kan tukunyar da sanda, bai bari an taɓa ƙwaya ɗaya ba. Yunwa ba ta ci irin ba. Ni na miƙa wa rana shi da hannuna, a kan maganar matar da ban taɓa gani ba.

Da tsiron ya kwanta, na aika wa Mushe. Ya zo da wata na'ura mai murfi, ya jona ta da wayar, ya zauna gindin itacen bedi yana latse-latse. Can ya buga cinya.

"Na gano! Baba, na gano!"

Ashe abin daga tsohon labari yake farawa. Sai ya gama ɗauko na baya kaf kafin ya taɓa na yau, kuma kowane labari da hotunansa, manyan mutane suna yanka ƙyalle, manyan mutane suna gaisawa. Hotunan ne suka toshe hanya. Mu da muke saurare, ba wanda ya taɓa kallonsu. Labarin ruwan da na ji ya kwana ashirin a layi. Ruwan ma an yi shi tuni, a Bande ya sauka, mu iska muka samu.

Mushe ya nuna mini wani ɗan rubutu a kusurwa, kamar kashin ƙuda.

"Amma Baba, ai ga kwanan wata nan a rubuce."

"Mushe, da na iya karanta wannan, me zan yi da matar da ke karanta mini?"

Sai ya ciro littafi ya rubuta. Ya ce wannan magana ce mai muhimmanci, za ta shiga rahoto. Ya ce na taimaki furoje ƙwarai. Na kai shi gona ya ga taimakon. Ya tsaya yana kallon layukan da suka bushe, ya ce Allah ya mayar da alheri. Na ce amin. Na tambaye shi ko biro ɗinsu na da irin gero. Ya ce ba sashensu ba ne.

Bayan mako biyu ya dawo da gyararre. Sabon labari ne ke fara sauka, ba hoto, matar kuma tana faɗin rana kafin ta buɗe baki. Danna ɗaya, sai magana. Labarin farko da ta karanta mini shawara ce ga manoma, kada su yi gaggawar shuka.

Na miƙa masa wayarsa.

Na zaga ƙauyuka har Yekuwa ina neman mai irin nan. Wani tsoho ya ce yana da shi dā. Gonar tawa kuwa, wake na zuba mata, matata ke dubawa. Ni yanzu ina Bande, ina dako da amalanke har girbi.