Dattijo Magini da Katangar da Aka Yaɓe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 25 ga Agusta, 1954, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Dattijo, shugaban maginan Wudil, a wani lungu na Sabon Gari. Katanga ce ta faɗo masa. Haka ake ta faɗa a gari, kuma gaskiya ne, amma rabin gaskiya ne. Ni Gidaɗo, amininsa na shekara talatin, zan rubuta ragowar.

Dattijo, kai ne mutumin da ake nema idan gari ya lalace. Shekarar da guguwa ta tuge ɗorawa ta tare hanyar Indabo, kwana biyu ka yi da gatari a hannu don masu kawo shanu kasuwar Juma'a su sami wucewa. Da jaki ya faɗa rijiyar unguwarmu kowa ya toshe hanci ya ja baya, kai ka ɗaura igiya a ƙugu ka sauka. Ka fito kana dariya, kana cewa ko jakin ya fi wasunmu amfani. In an yi gayya ba ka taɓa sa hannu a ƙwarya sai ka ga kowa ya ci.

Bana da kogi ya cika ya shigo gari, ya kwashe abin da ya kwashe ya koma, dagaci ya tara masu unguwanni a ƙofar gidansa, kowa na faɗin nasa. Kai ka tsara aikin. Ka ce a fara da mushe, a haƙa rami a binne kafin ciwo ya tashi. Sannan a buɗe lambatu ruwa ya sami hanya. Ɓaraguzan gini su zo ƙarshe, a loda wa jakuna a cike kududdufai da su. Ka kuma kawo dabarar da babu wanda ya yi tunaninta: ka ɗebo baba a marina, ka bi gari lungu-lungu kana ƙwanƙwasa katangu. Wadda ta sha ruwa har gindi sai ka tsoma hannu ka buga mata tafinka. Aka yi shela cewa duk katanga mai shuɗin hannu ta rushewa ce, kada kowa ya yi aiki a gindinta. Wadda babu hannu, a shiga ba fargaba. Jama'a suka amince da hannun nan fiye da idanunsu. Hansai, tsohuwar nan mai daddawa da ba ta da kowa, da ka rushe mata ɗaki, kai da kanka ka kafa mata rumfa kafin la'asar, ka ɗauko tabarmarka ka shimfiɗa mata.

Cikin katangun da ka buga wa hannu har da ta gidan Labaran dillalin shanu. Ya ce shi ba za a buɗe masa gida a bar iyalinsa a fili kowa na leƙe ba. Ka ce masa, "Labaran, zana takwas zan kawo maka daga gidana, a kewaye har rani ya zo in gina maka sabuwa." Ya ce gidan zana na talaka ne. Wallahi abin da ya faɗa ke nan, a gaban mutum biyar.

Ban san da wannan magana ba sai daga baya. Abin da na sani shi ne, ranar Larabar, ina dawowa daga masallaci gari ya waye, na bi ta lungun nan na iske Labaran ya naɗe hannun riga yana yaɓa ɗanyar ƙasa a jikin katangarsa. Na tsaya. Na ce masa, "Sannu da aiki." Ya amsa ko juyowa bai yi ba. Dattijo, da bakin nan nawa na yi wa mutumin sannu da aiki, yana shafe hannunka! Tun ranar, duk wanda ya gaishe ni da kalmar nan sai in ji kamar ya mare ni.

Hantsi ya yi, 'yan gayya suka iso lungun da fatanya da kwanduna. Suka duba, babu shuɗi, ga sabon yaɓe sumul. Suka duƙufa suna kwashe ɓaraguzan da ke gindin katangar, alhali su ne kaɗai ke tokare da ita. Kana can wajen lambatun kasuwa aka ce maka an shiga lungun Labaran. Waɗanda suka gan ka sun ce ko takalmi ba ka tsaya sawa ba. Ka iso kana ihu a fita. Mutum shida suka fita da ƙafarsu. Na bakwai, Ɗan'auta mai jakuna, kunnensa da nauyi, bai ji ba. Ka shiga ka hankaɗo shi waje. Da muka tono ka, hannunka na dama har yanzu da shuɗin baban jiya a kansa.

Ranar uku Labaran ya zo gaisuwa cikin farar riga. Ya zauna, ya shafa fatiha, ya miƙo mini hannu ya ce, "Malam Gidaɗo, sai haƙuri, kwana ne ya ƙare." Ban karɓi hannun ba. Manya suka ja ni gefe, suna cewa a rufa asiri, ƙaddara ce, ni kaɗai na gani, in na yi shiru magana ta mutu. Na yarda da ƙaddara, ni Musulmi ne. Amma ƙaddara ba ta kwaɓa ƙasa, ba ta naɗe hannun riga. Mutum bakwai Labaran ya yarda su mutu don kada a ce gidansa na zana ne. Tir!

Ka san ni, Dattijo, kai ne mai sanyin, ni ne mai zafin, kuma da kana nan da ka dafa kafaɗata ka ce in bari. To, ba ka nan, kuma shi ya jawo. Ranar Litinin zan tsaya gaban alƙali in faɗi abin da idona ya gani, har da sannun da na yi masa. Magina sun yi rantsuwa babu wanda zai ɗora tubali ɗaya a gidan. An share gari kaf, saura tulin ɓaraguzan nan na ƙofar Labaran, babu mai taɓa shi. Ya tsallake shi sau biyar kullum in zai tafi masallaci.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Safara'u, da 'ya'yanka Isyaku da Saudatu, da maginan Wudil baki ɗaya. Allah Ya ba ku juriya, Ya tsaya muku. Ya Allah Ka jiƙan Dattijo, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi ladan shahidai, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Shi kuwa mai yaɓen, ya Ubangiji, ban roƙa masa komai ba, ban kuma yafe ba. Na bar Ka da shi.