Takardar da Ba a Kai wa Baduku Ba

Ban taɓa mantawa da Larabar da Malam Iro na Zakka ya tsaya gaban kwamitinmu ba. Tunda ku sababbin ma'aikata za ku fara riƙe fayilolin ɗalibai, gara in ba ku labarin tun daga tushe.

A lokacin ina ƙaramar jami'a a ofishin magatakardan jami'a, aka ba ni aikin sakatariyar kwamitin ladabtar da ɗalibai. Ga yadda tsarin yake. Idan aka kama ɗalibi da wani abu a ɗakin jarrabawa, mai tsaro yakan cika fom, ɗalibin ya sa hannu, a liƙe abin da aka kama cikin ambulan. Sashen da ya ba da jarrabawar ya duba ko abin yana da alaƙa da darasin. Daga nan kwamiti ya kira ɗalibin ya kare kansa, ya kawo shaida in yana da ita. Kwamiti shawara kawai yake bayarwa. Majalisar jami'a ce ke yanke hukunci, ita kuwa ba ta ganin fuskar kowa, abin da sakatare ya rubuta shi take karantawa. Ni ba ni da ƙuri'a, ba ni da bakin magana a zaman. Biro ne nawa.

Fayil ɗin na wata ɗaliba ne mai suna Sa'adatu, 'yar ajin ƙarshe a sashen nazarin addinin Musulunci. Ana cikin jarrabawar tafsiri wata takarda a ninke ta faɗo daga cikin hijabinta. Sashe ya rubuto cewa ayoyi ne a ciki, kuma biyu daga cikinsu an karantar da su a zangon. In ya tabbata da gangan ne, hukuncin kora ne, saura mata wata biyu ta gama. A gurbin da fom ya bar wa ɗalibi don ya yi bayani, layi ɗaya ta rubuta: “Takardar a jikina take, ba ni na rubuta ba, ba zan faɗi wanda ya ba ni ba.”

Ni da littattafan soyayya na kasuwa na tashi a Batsari, ina ɓoye su cikin littafin lissafi. Kafin in kai ƙarshen layin nan na riga na ga saurayin: dogo, mai farar shadda, mai kyan rubutu, ya miƙa mata takarda a gindin darbejiya ya ce ta riƙe ta kusa da zuciyarta. Ita kuma ta zaɓi kora a kan ta tona masa asiri. Har suna na raɗa masa. Sannan na buga takardar gayyata, ɗaya ga ɗaliba, ɗaya ga mahaifinta, kamar yadda ƙa'ida ta ce.

Ran Asabar kafin zaman ina gida Batsari wurin Inna. Damina ce, an yi ruwa da safe. Da hantsi aka yi sallama. Wani dattijo ne ya sauko daga babur, ƙafafunsa duk taɓo, tare da wata mata mai kama da shi, tana riƙe da zabbi biyu. Shi ne Malam Iro, mahaifin Sa'adatu, ita kuma ƙanwarsa Hajara. Wani ne ya gaya musu 'yar Malam Sani hedimasta, wato ni, tana aiki a jami'ar. Muka gaisa, aka tambayi gida da iyali da ruwa da yabanya da lafiyar hanya, aka yi wa mahaifina addu'a, sannan ya gyara zama.

“'Yar Malam, takarda ta iske mu. Malamin firamare ya karanta mana, ya ce yarinyar nan ta yi laifi a jarrabawa. To, mun amsa. Ran Laraba za mu zo da liman da mai unguwa mu ba da haƙuri. Ke dai ki gaya mani wa ake durƙusawa.”

Na ce, “Baba, babu wanda ake durƙusawa. Kuma ba ni da izinin faɗin abin da ke cikin fayil. Amma wane laifi kuka amsa?”

“Wanda suka ce.”

“Kun tambaye ta?”

Ya dubi ƙanwarsa kamar na yi wani yare. Hajara ta ce, “'Yar fari ce fa. Tunda aka haife ta bai taɓa faɗin sunanta ba, balle ya zaunar da ita. Ko cewa zai yi ta gaida malamanta, uwar yake gaya wa.”

Waɗanda suka tashi a ƙauyukanmu sun san wannan kunyar. Sun kuma san ɗaya al'adar: in aka ce shanunka sun yi ɓarna, haƙuri kake fara bayarwa, daga baya ka je ka duba ko naka ne. A ƙofar gidan mai unguwa hakan yana kashe rigima. Na yi masa bayanin cewa a ɗakinmu duk abin da aka faɗa rubutawa nake yi. In ya ce ta yi laifi a yi haƙuri, haka zan rubuta, majalisa kuma ta karanta cewa mahaifinta da kansa ya tabbatar.

“Ba ki iya tsallake wannan layin?”

“Ba zan iya ba, Baba.”

“To mi amfanin 'yar gida a wurin?”

Na ce amfanina ɗaya ne, in gaya masa ya tambaye ta kafin ya buɗe baki gaban kowa. Na mayar musu da zabbin. Inna ta bi su da kallo har babur ya sha kwana.

Ran Litinin na shiga wurin shugaban kwamiti, wani tsohon farfesa da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba, na gaya masa mahaifin ɗaliba ya same ni a gida. Wannan ma ƙa'ida ce, ku riƙe ta.

Ya ce, “Kin karɓi wani abu?”

“Zabbi biyu ne, ranka ya daɗe. Na mayar.”

“Masu ƙiba?”

“Masu ƙiba.”

“Allah ya ba ki lada. Rubuta a fayil.”

Ran Laraba suka iso, har da liman da mai unguwa, waɗanda suka shimfiɗa tabarma a gindin bishiya suna jiran a kira su. Ƙarfe goma za a fara zama. Na fito da fayiloli na tarar da su a bencin baranda: Malam Iro a wannan bakin, Sa'adatu a wancan, Hajara a tsakiya. Kowa yana kallon bango. Makullin ɗakin taro ya ƙi buɗuwa, shi ya sa na ji abin da na ji.

Malam Iro ya ce, “Hajara, tambayi yarinyar nan, wace takarda ce aka kama.”

Hajara ta ce, “Kin dai ji.”

“Gwaggo, ki ce masa ba komai.”

“Ce mata ba mu bar maimai a gona don ba komai ba.”

Can Sa'adatu ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Ki ce masa wadda ya ba Inna ta sa mani a jaka ce, ranar da zan dawo makaranta.”

“Wadda liman ya rubuta?”

“Ita.”

“Tambaye ta mi ya hana ta faɗa masu.”

“Gwaggo, in tsaya gaban mutane in ce Baba ne ya jawo?”

Hajara ta dubi wannan ta dubi wancan ta ce, “Ni dai na gaji da dakon magana tsakanin mutum biyu masu kunne.”

Saurayina mai farar shadda ya faɗi a barandar nan, ko jana'iza bai samu ba. Ƙofa ta buɗe. Na shiga na ɗauko fom ɗin shaida na miƙa wa Sa'adatu, domin iyaye ba sa shiga zaman sai ɗalibi ya rubuta su a matsayin shaidu. Ta daɗe tana kallon fom ɗin. Malam Iro ya ce, “Hajara, ce mata ta rubuta.” Ta rubuta sunansa da na liman.

Da aka kira shi ya shigo, ya cire takalmi a bakin ƙofa duk da an ce ya bar su, ya ƙi kujera sai da aka nace.

Farfesa ya ce, “Sunanka?”

“Ibrahim. Iro ake ce mani.”

“Wa ka zo yi wa shaida?”

“Yarinyar nan.”

“Malam, yara sun yi yawa a jami'ar nan. Sunanta, don a rubuta.”

Ya dubi silin, ya dubi ƙasa, ya shafa gemu. Leɓensa ya motsa. Fankar ɗakin tsohuwa ce mai ƙara, kuma Allah ya sani ban ji ba. Sunan yana gabana a bangon fayil, amma abin da shaida ya faɗa ake rubutawa. Na ce, “Ranka ya daɗe, ban ji ba.”

Malam Iro ya juyo ya dube ni, sannan ya ɗaga murya. “Sa'adatu. Ɗiyata ce ta fari.”

Shekara ashirin da wani abu bai faɗa ba, ran nan ya faɗa sau biyu cikin minti ɗaya. Sa'adatu ta ja hijabi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Ni na karanta furucin ƙauna iri-iri a littattafai, wasu har shafi uku, amma babu wanda ya kai kalmomin nan biyar da na rubuta.

Daga nan ya ba da bayani a tsare. Shi ya roƙi liman ya rubuta addu'ar samun sauƙin jarrabawa. Niyyarsa a kai wa baduku ya ɗinke ta cikin fata, amma motar da yarinyar za ta bi ta riga ta cika, sai uwar ta tura takardar a jaka haka nan, da saƙon a riƙe ta a jiki. Da ya gama ya ce, “Don haka, don Allah a yi...” Sai idonsa ya sauka kan birona. Ya ce, “Shi ke nan abin da na sani.”

Aka buɗe ambulan. Rubutun tawada ne irin na allo. Aka kira liman, wanda ya zo ba da haƙuri ya tarar da kansa yana gwajin rubutu. Ya yi ƙorafin cewa biro ba alƙalami ba ne, amma hannun ɗaya ne, kowa ya gani. Farfesa ya juya takardar ya ce, “Da baduku ya samu aikinsa, da mu ba mu samu namu ba.”

Ba a wanke ta gaba ɗaya ba. Doka ta hana shiga da kowace rubutacciyar takarda, kuma ta shiga da ita. Kwamiti ya ba da shawarar a soke wannan jarrabawar ta sake ta a shekara mai zuwa, ba kora ba, majalisa ta amince. 'Yan ajinta suka tafi suka bar ta. Ta dawo, ta rubuta, ta ci, ta karɓi takardar digirinta. Mai unguwa kuwa ya koma Zakka da jawabinsa a ciki.

Abin da na koya shi ne, iyayenmu ba sa gudun 'ya'yansu ran wahala. Za su bar gona, su hau hanyar da kowa ya san halinta, su durƙusa wa wanda bai kai ƙanensu ba. Sai dai sukan iso ba su san mene ne zargin ba, ɗalibin kuma yakan ɓoye abin da zai cece shi don kunyar gida. Don haka ku gaya wa iyaye su zauna da ɗan a karanta takardar gayyata tare, su kiyaye ranar zama, su bar tsaraba a gida. Wanda ya san wani abu ya shigo shaida ya faɗi iya abin da ya sani. Wanda bai sani ba ya zauna a baranda, ganinsa ma yana ƙarfafa yaro.

Yanzu in tawaga ta iso ofishina, ba na nuna musu ƙofar shugaba. Nakan tambaye su ko sun ji daga bakin ɗan nasu. Yawanci a'a suke cewa. Sai in buɗe musu ƙaramin ɗaki, in sa kujera biyu, in ja ƙofa. In suka ce ba su saba magana da shi kai tsaye ba, sai in ƙara ta uku.